Mas'alar Awon Ƙarfin Abincin Dabba ga Masu Turka a Ƙasar Gezawa

Ku sani, ya ku malamai da fatake, cewa a ƙasar Gezawa da wuya a shiga gida ba a tarar da turke ba. Wani rago ne ya ɗaure, wani bunsuru, mai hali kuwa sa. Matar aure ta kan sayar da ɗan abin da ta tara ta sayi ɗan tunkiya, almajiri ya kan zuba ladan ɗinkin hularsa, dattijo ya kan sa kuɗin gyaɗarsa, kowa da nufin Babbar Salla ta zo ya fitar da dabbarsa ya sami abin rufin asiri. To, da yawa daga cikinsu su kan yi wata uku suna ɗawainiya, ran da aka kai kasuwa sai a ga ragon nan bai ƙara komai ba sai gashi da ƙaho. A kan ce annoba ce, ko kambun baka, ko rashin sa'a. Alhali kuwa sau da yawa laifin yana ga awo, watau mutum bai san iyakar ƙarfin da ke cikin abin da ya ke zuba wa dabbarsa ba, bai kuma san yadda a ke juya lissafin da ke rubuce a jikin buhu ba.

Fasali na farko: halin ƙasar

Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, cikin yankin nan da gonaki suka haɗe da juna, babu saura, babu dajin kiwo. A ƙidayar 1991 da ta 2006 duka an same ta cike da jama'a, ta 2006 ta ba ƙaramar hukumar fiye da mutum 280,000. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi binciken wannan yanki tun a shekarun 1960, daga baya kuma a shekarun 1990 wata Baturiya, Frances Harris, ta bi gonakin Tumbau tana auna abin da ke shiga ƙasa da abin da ke fita. Abin da aka gano shi ne abin da manoman suka daɗe da sani a aikace: da damina a kan ɗaure dabbobi a gida a yanko musu ciyawa, da kaka a tattara harawar wake da ta gyaɗa a ɗora bisa rufin ɗaki ko a cikin rassan itace, a jingine karan dawa da na gero, da rani kuma a kwashe takin da ya taru a turke a kai gona cikin mangala. Gona tana ciyar da dabba, dabba tana ciyar da gona. Sabo da haka harawa a nan dukiya ce, ana sayenta ana sayarwa kamar hatsi.

Har wa yau, tun da watannin Musulunci suna ja da baya da kwana 11 ko wace shekara, Babbar Salla ta 2024 da ta 2025 duka sun faɗo a watan Yuni. Ma'anarsa watannin turka sun zo daidai da bazara, lokacin da harawar rufin ɗaki ta ƙare, sabuwar ciyawa ba ta tsiro ba, kowa ya koma ga sayen dusa da abincin buhu. A irin wannan lokaci ne kuskuren awo ya fi cin aljihu.

Fasali na biyu: mene ne ƙarfin abinci

Mai karatu ya san kara yana cin wuta, tsabar dawa ma idan ta faɗa murhu tana ci. Zafin nan da ke fitowa shi ne ƙarfin da ke ɓoye cikin abinci, kuma shi ne jikin dabba ke fitarwa sannu a hankali domin numfashi da tafiya da ɗumin jiki da tara nama. Masana sun ƙera wata tukunyar ƙarfe da a ke rufe ɗan abinci a ciki a ƙone shi ƙurmus, a nutsar da ita cikin ruwa, a auna iyakar ɗumin da ruwan ya yi. Zafin da zai ɗaga lita 1 ta ruwa da daraja 1 a ma'aunin zafi shi a ke kira kilokalori, a jikin buhu a kan rubuta shi kcal. Kilokalori 1,000 kuwa su ne megakalori 1, alamarsa Mcal.

Akwai kuma wani ma'auni na biyu. A shekarun 1840 wani mutumin Ingila, James Joule, na wajen Manchester, ya nuna cewa aiki da zafi abu ɗaya ne da ya sake kama. Ya rataya nauyi a igiya, nauyin yana sauka yana juya filafilai cikin ruwa, ruwan yana ɗumi gwargwadon aikin. Aka sa wa ma'aunin sunansa, jul. A 1948 taron awo na ƙasashen duniya ya yarda a riƙa auna zafi da jul, a 1960 kuma ya shiga cikin tsarin awo na bai ɗaya. Jul ƙanƙane ne ƙwarai, sabo da haka a sha'anin dabba da miliyan a ke lissafinsa, watau megajul, alamarsa MJ.

Ga mabuɗin canjin: megakalori 1 daidai ya ke da megajul 4.184. Malamai ba baƙin irin wannan lissafi ba ne, gama sun san mudu 4 sa'i ne, sa'i 60 wasƙi ne, wasƙi 5 nisabin hatsi ne. Fatake ma sun tuna ran 1 ga Janairu 1973, da fam 1 ya koma naira 2, sule ya koma kwabo 10, kaya bai ƙaru ba bai ragu ba, suna ne kawai ya sake.

Misali. Mutum ya je sayen abincin turka, ya tarar da buhu biyu. Ɗaya an rubuta 2,600 kcal a kilo, ɗayan an rubuta 11 MJ a kilo. Mai kanti ya ce na farkon ya fi ƙarfi nesa, ga lambarsa nan dubbai, ya ɗora masa kuɗi. To, a juya: 2,600 kcal su ne megakalori 2.6, a ninka da 4.184, ya ba da megajul 10.9. Ashe buhun nan mai 11 ya ɗara shi da kaɗan. Wanda ba ya son dogon lissafi sai ya riƙe cewa megajul 1 kilokalori 239 ne, ya raba ko ya ninka da shi.

Tanbihi. Takardun Amurka su kan yi lissafi bisa laba maimakon kilo. Kilo 1 laba 2.2 ne. Idan an ga 1,200 kcal a laba, sai a ninka da 2.2, ya zama 2,640 a kilo, kana a gwada shi da waninsa.

Fasali na uku: matakai huɗu na ƙarfi

A nan ne mas'alar ta ke da zurfi. Idan aka ƙona busasshen kara kilo 1, aka ƙona tsabar dawa kilo 1, zafin da za su bayar kusan ɗaya ne, wajen megajul 18 ko wanne. Amma ko yaro ya san ragon da ke cin dawa da mai cin kara ba su zama ɗaya. Dalili shi ne ƙarfin abinci kamar cinikin falke ya ke, abin da ya karɓa a hannun mai saye dabam, abin da ya kai gida dabam.

Mataki na farko shi ne ƙarfin ƙuna, watau dukan zafin da ke cikin abincin, kamar jimlar kuɗin da aka sayar da kaya. Mataki na biyu shi ne ƙarfin narkewa, abin da ya rage bayan an cire wanda ya fita cikin kashi. A kara kusan rabi ne ke fita ta nan, a hatsi kuwa kaɗan ne. Mataki na uku shi ne ƙarfin da ya shiga jiki, bayan an sake cire wanda ya tafi cikin fitsari da iskar gyatsa da tumbin mai tuƙa ke fitarwa. Ga tumaki da awaki da shanu wannan ya kan kai wajen kashi 82 cikin 100 na ƙarfin narkewa. Mataki na huɗu shi ne ƙarfin riba, abin da ya saura bayan an cire zafin da jiki ya ɓatar wajen tauna da tuƙa da narkarwa. Da shi a ke yin nama da kitse da nono, kamar yadda falke ke cire kuɗin mota da la'ada da na dako kafin ya san abin da ya samu.

Sabo da haka lamba ita kaɗai ba ta wadatar ba, sai an san matakin da ta ke nufi. Wanda ya gwada ƙarfin narkewa na wannan buhu da ƙarfin riba na wancan, kamar wanda ya gwada jarin wani ne da ribar wani. A jikin buhu da takardun malaman gona a kan sa haruffan boko biyu: DE ga narkewa, ME ga wanda ya shiga jiki, NE ga riba. Mafi yawan abin da a ke gani a Nijeriya shi ne ME, kuma duk lambobin da za su zo a nan gaba nasa ne, sai inda aka ambaci wani.

Fasali na huɗu: awon ko wace ƙasa

Kamar yadda mudun wannan kasuwa ya saɓa da na waccan, haka ƙasashe suka saɓa. A shekarun 1860 wasu Jamusawa biyu, Henneberg da Stohmann, a tashar gwaji ta Weende, suka fito da hanyar rarrabe abinci zuwa ruwa da toka da mai da zare da sinadarin gina jiki. A 1905 wani Bajamushe, Oskar Kellner, ya fitar da littafinsa inda ya ke gwada ko wane abinci da garin sitaci, gwargwadon kitsen da ya ke sa wa sa. Ingila ta bi wannan awo shekaru masu yawa, har zuwa 1975 da ta koma ga megajul.

Amurka kuwa ta riƙe lissafin jimlar abin da ke narkewa, mai alamar TDN, a kan faɗe shi kashi kaza cikin 100. Kilo 1 nasa a kan ƙaddara shi megakalori 4.4 na narkewa. Misali, abinci mai TDN 70: a ninka 0.7 da 4.4, ya ba da 3.08, a ɗauki kashi 82 cikin 100, ya zama wajen 2.5, a ninka da 4.184, ya tashi megajul 10 da rabi. Gajeruwar hanya ita ce a ninka lambar TDN da 0.15, amsar ta fito kusan daidai.

Faransa ta zaɓi sha'ir ya zama ma'auninta. Ƙarfin kilo 1 na sha'ir shi ne awo 1, alamarsa UF. Wannan ya shafi fataken da ke hawa da sauka tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram, ko masu cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, domin malaman kiwo na Nijar da wannan awo suka yi karatu. Hukumar binciken noma ta Faransa ta tsayar da awon madara, UFL, a kan kilokalori 1,700, a 2018 ta gyara shi ya koma 1,760. Idan aka juya 1,700 sai a sami megajul 7.1. Amma fa a lura, wannan ƙarfin riba ne. Sha'ir ɗin nan a awon ME ya kan kai wajen megajul 11 da rabi. Wanda ya ga UFL 1 ya juya shi 7.1, ya gwada da 7 na karan dawa, ya ce sha'ir da kara ɗaya ne, lalle ya yi ɓatan kai.

Fasali na biyar: abincin da ke hannun mutanen Gezawa

Tashoshin gwaji sun auna irin abincin ƙasar nan. Akwai gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda aka kafa a 1928, ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai kuma gonar gwaji ta hukumar IITA a Minjibir, maƙwabciyar Gezawa, inda aka yi aikin fitar da irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya. Lambobin su kan ɗan motsa gwargwadon iri da shekara da ajiya, amma a taƙaice, a ko wane busasshen kilo: masara da dawa wajen megajul 13, tunkuzar gyaɗa wajen 12, dusar alkama wajen 11, harawar wake da ta gyaɗa tsakanin 8 da 9, karan dawa wajen 7, karan gero ƙasa da haka kaɗan. Harawar da aka bari ganyenta ya zube, ko ruwa ya dake ta, ƙarfinta ya kan faɗi ya kusanci na kara. Kanwa da gishiri suna da amfani ga dabba, amma babu ko jul 1 a cikinsu.

Kalmar busasshe tana da muhimmanci. Ruwa ba shi da ƙarfin abinci. Dusa da harawa, ko sun bushe a ido, wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ruwa ne, ɗanyar ciyawar damina kuwa kashi uku cikin huɗu ko fiye. Kilo 4 na ɗanyar ciyawa bai fi kilo 1 na busasshiya ba. Dusar da aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi, mai saye ruwa ya biya.

Haka kuma kwanon awo cika ya ke aunawa, ba ya auna nauyi. Kwanon dusa bai kai kwanon dawa nauyi ba ko kusa, dami kuma babu mai iyakance girmansa sai mai ɗaurawa. Ya kamata mai turka ya je wurin mai sikeli sau ɗaya, ya auna kwanonsa cike da dusa, ya auna daminsa na harawa, ya rubuta a allo ya ajiye.

Fasali na shida: lissafin rago ɗaya

A ɗauki ragon Yankasa mai kilo 30, ɗaure a turke. Domin ya rayu kawai, ba ƙari ba ragi, yana bukatar wajen megajul 5 da rabi a yini. Domin ya ƙara giram 100 a yini, sai an ƙara masa wajen 3 da rabi, jimla 9. Cikinsa kuwa yana da iyaka, ba ya ɗaukar fiye da wajen kilo 1 na busasshen abinci a yini. Idan kara zalla aka ba shi ko kilon ba zai cinye ba, gama kara yana daɗewa a tumbi, kuma sinadarin gina jiki da ke cikinsa kashi 3 ne ko 4 cikin 100, alhali ƙananan halittun tumbi da ke narkar da shi suna bukatar wajen 7. In ya ci giram 700, a ninka 0.7 da 7, ya sami 4.9, bai kai na rayuwa ba. Ga rago cikinsa tim, yana ramewa.

Amma idan aka ba shi harawa giram 600 da dusar alkama giram 400, a busasshen nauyi, harawar ta ba da wajen 5.1, dusar ta ba da 4.4, jimla 9 da rabi. A sikeli sai a ɗan ƙara kashi 1 cikin 10 domin ruwan da ke ciki. Ragon yana ƙara nauyi ana ƙara masa.

Yanzu a dubi kwana 90. Mai tsimi, wanda ya tsaya a kan 5 da rabi, ya kashe megajul 495 bai sami ko kilo 1 ba. Wanda ya ba da 9 ya kashe 810, ya sami wajen kilo 9. Watau ƙarin 315 ɗin nan ne ya sayo dukan naman. Sabo da haka wanda abincinsa bai isa rago uku ba, gara ya turke biyu su ƙoshi.

Ga kuma yadda a ke gane mai araha. Farashin nan misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsa. Buhun dusa mai kilo 50 a kan naira 15,000: a cire ruwa, saura kilo 45, a ninka da 11, megajul 495, ko wane megajul ya tashi wajen naira 30. Damin harawa mai kilo 5 a kan 1,500: saura kilo 4 da rabi, a ninka da 8 da rabi, wajen 38, ko wanne naira 39. Damin kara mai kilo 10 a kan 1,000: saura kilo 9, a ninka da 7, ya ba da 63, amma rago ganye da kan kara ya ke ci ya bar gindi, in rabi ya ci saura wajen 32, ko wanne naira 31. Ashe karan da a ke gani kamar kyauta bai fi dusa sauƙi ba, sai dai ragowarsa ta yi makamashi ko danga.

Fa'ida da gargaɗi

Lissafin ƙarfi ba shi ne dukan kiwo ba. Kada wani ya ga hatsi ya fi kowa lamba ya tula wa ragonsa dare ɗaya, domin tumbi ya kan yi tsami, ciki ya kumbura, dabba ta kwanta, wani lokaci har ta mutu. A riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan cikin mako biyu, kuma kada a yanke masa harawa. Lambar da ke jikin buhun abincin kaji ta kaji ce, gama kaza ba ta da tumbin da zai narkar da harawa, awonta dabam ne da na mai tuƙa. Dabbar da ke da tsutsar ciki kuma, ko an cika mata awo, tsutsa ce ke cin rabonta, sai a fara da nuna ta ga malamin dabbobi. Ruwan sha kuwa kada ya yanke, balle a zafin bazara.

Masu sayar da abincin buhu, a Dawanau ne ko a kasuwannin ƙauye, nauyi yana wuyansu. Tauye mudu ba a kwano kaɗai ya tsaya ba, wanda ya nuna wa jahili babbar lamba ya san ba ta fi ƙaramar ba, ya shiga cikin hukuncin. Malaman da a ke kawo wa takarda su karanta, da 'yan boko na gida, su taimaki maƙwabta da tambayoyi huɗu kafin a biya kuɗi: wane ma'auni ne, kalori ko jul ko TDN ko UF; wane mataki ne, DE ko ME ko NE; a kilo ne ko a laba; da ruwansa aka auna ko busasshe. Allah ya sa albarka a turke, ya kai mai kiwo ga ribar wahalarsa. Wallahu a'alamu.